Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Alhaji Kan Rimot ɗin da Ya Daina Riƙe Caji

Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali.

Tambayar da ka yi mini a filin da muke tayar da ƙananan jiragenmu na wasa da ake tuƙawa da rimot, a gaban manya da yara, ta riga ta zaga bakin 'yan'uwa daga Agege har Idi-Araba da Obalende, saboda haka ya zama dole in amsa ta a inda kowa zai gani. Cewa ka yi: idan da gaske batirin da na sa maka a rimot sabo ne, me ya sa ka jona shi a caji tun bayan sallar isha'i har asuba, amma bai yi rabin awa a fili ba rimot ya fara kuka, har ka sauko da jirginka cikin gaggawa ya karya fiffike? Ko kuwa tsohon batir na sauya wa riga na sayar maka? Ka kuma ƙara da cewa duk wanda ya kawo mini rimot sai in ce masa batir ne, cewa kuɗin aikina ya yi yawa, kuma ba ni da takardar shaidar karatun wannan aiki.

Asarar fiffiken ta dame ni, kuma ina yi maka jaje. Amma zargin ha'inci shi ne abin da ya fi yi mini ciwo, domin ka san ni, ka san gidanmu, ka kuma san cewa tun ina gyaran rediyo da talabijin, kafin a fara kawo mini waɗannan na'urori, babu wanda ya taɓa dawo mini da kaya ya ce na musanya masa wani abu a ciki. Mutane suna barin wayoyinsu da sirrinsu a shagona su tafi su kwana. Wannan yarda ita ce nake ci da iyalina da ita, kuma magana guda daga bakin dattijo irinka tana iya rushe ta.

Bari in tuna maka halin da rimot ɗinka ya zo hannuna. Tsoho ne tokumbo, ƙirar kamfanin JR, mai batir ƙwaya takwas na NiCd, wato batirin caji na tsohon yayi, kowace ƙwaya bolt 1.2, jimilla bolt 9.6, kuma an rubuta 600 mAh a jikinsa, wato ma'aunin yawan wutar da yake iya riƙewa. Da na auna ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, guda ta mutu murus, mita ba ta nuna komai a kanta. Da na fere baƙar wayar batirin kuma, sai na tarar tagullar ciki ta yi baƙi ƙirin, tana marmashewa, dalma ma ba ta kama ta. Wannan cuta ce sananniya ga tsofaffin batura irin wannan, tana farawa daga ɓangaren negetif ta bi waya har ta kai makunni, kuma danshin Legas da iskar teku mai gishiri suna ƙara mata sauri. Na nuna maka wannan wayar da idonka, na kuma ba ka tsohon batirin a leda ka tafi da shi. Da yardarka na sa sabon batirin caji nau'in NiMH mai 2000 mAh, a gabanka na yage ledarsa, na cika shi da cajar shagona kafin in miƙa maka. Kai da kanka ka shaida a fili cewa makonnin farko rimot bai taɓa yi maka kuka ba. Batirin da aka sauya wa riga ba ya yin haka.

Abin da ya faru daga baya yana rubuce a jikin cajarka, kuma na faɗa maka shi ranar da ka karɓi kayan. Ƙaramar cajar bango da ta zo da rimot ɗin 50 mA take bayarwa, wato 50 mAh take zubawa a kowace awa. An yi ta ne domin ƙaramin batirin asali, bisa ƙa'idar da aka saba, wato a ba batir kimanin kashi ɗaya cikin goma na girmansa har tsawon awa 14 zuwa 16. Batir mai 2000 mAh, a wannan ƙa'ida, 200 mA yake bukata. Idan aka dage sai da cajar 50 mA, to, lissafin a fili yake: awa 40 ko da babu asarar komai, kuma da yake wani kaso na wutar yana tafiya a zafi, abin yana kaiwa wajen awa 56, fiye da kwana biyu ke nan ba tare da an ɗauke wuta ba. Daga isha'i zuwa asuba kuwa bai fi awa tara ba, wato 450 mAh idan an yi sa'a, kuma ba duka ne zai zauna a batirin ba. Sannan wa zai rantse cewa wuta ta kwana a unguwarku a daren nan? Kamar mutum ne ya sayi babbar randa, kullum yana ɗiban ruwa da kwano yana mayarwa da ludayi. Za ta ɗauke shi kwanaki saboda a cike ya same ta, amma ranar da za ta ƙafe tana nan tafe.

Rimot irin naka, kamar yadda na auna, yana shan wajen 200 mA idan yana kunne. Awa biyu a fili sun cinye abin da daren cajinka ya zuba, har da ƙari. Ga kuma halin NiMH na gama-gari, wanda yake zubar da caji da kansa ko ba a taɓa shi ba, kuma zafi yana ƙara wannan zuba, balle a ce an bar rimot a but ɗin mota a cunkoson Oshodi da tsakar rana. Saboda wannan matsala ce kamfanin Sanyo ya fito da batirin Eneloop a shekarar 2005, mai daɗewa da caji a ajiye, amma ko shi ba zai cika da cajar da ta yi masa kaɗan ba.

Na san za ka ce fuskar rimot ta nuna maka fiye da bolt 10 da safen nan. Haka ne, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗuwa. Batirin NiMH da aka cire daga caji yanzun nan yana nuna lamba mai kyau ko da abin da ke cikinsa kaɗan ne, sai an kunna rimot ya yi 'yan mintoci yana aiki sannan lambar gaskiya take bayyana. Shi ya sa nake roƙon kowa ya kunna rimot ya bar shi na ɗan lokaci yana kallon lambar kafin jirgi ya bar ƙasa. Idan tana gangarowa da sauri, kada a tashi.

Akwai wani abu da ya fi damuna, kuma da ka zo shago da na faɗa maka shi a asirce. Mutane sun ga yaronka a fili, bayan jirgin ya sauka, ya aro cajar rimot ƙirar kamfanin Futaba zai jona a rimot ɗinka. Bakin cajar yana shiga daram, amma wayoyin a juye suke: a Futaba tsinken tsakiya fozitif ne, a JR da tsofaffin rimot na kamfanin Spektrum kuwa tsinken tsakiya negetif ne. Caja a juye ba ta zuba komai, sai dai ta ƙara tsotse batirin, kuma tana iya ƙona kanta, ko fis ɗin cikin rimot, ko siririn layin tagulla da ke kan fanel. Idan hakan ta faru, daga yau ko ka kawo caja mafi kyau a duniya rimot ba zai ɗauki caji ta wannan rami ba, kuma batirin ba shi da laifi ko kaɗan.

Wannan ya kawo ni kan maganar cewa kowa na ce masa batir ne. Alhaji, a tambayi waɗanda suke tsaye a wurin. Batir shi ne abu na ƙarshe da nake zargi. Da caja nake farawa, in duba abin da aka rubuta a jikinta, domin kayan tokumbo da suka fito daga Amurka da yawa na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce, jonawa ɗaya sun ƙone, mai su bai sani ba. Daga nan in auna bakin cajar da mita, in girgiza wayar in ga ko ta karye a ciki, in duba ramin caji ko tsatsa ta ci shi ko dalmarsa ta saki. Sau da yawa ma rimot a kunne aka bar shi, alhali yawancin tsofaffin nan ba sa ɗaukar caji sai an kashe makunni. Masu Futaba kuma sukan zo suna kukan cewa cajarsu mai kwamfuta ta ƙi ganin batir, ba su san akwai dayod, wato ƙaramin abu mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a layin caji ba, wanda aka sa domin kariya daga juyewar waya, shi ne yake hana cajar karanta batirin, maganin kuwa a ciro batirin a yi masa caji a waje. Irin wannan caja tana kuma iya yankewa da wuri a kan sabon batir ko wanda ya daɗe a ajiye, ta ce ya cika alhali bai cika ba, shi ya sa cajin farko ya fi kyau a yi shi a hankali.

Masu sababbin rimot su ma ba su tsira ba. An sha kawo mini RadioMaster TX16S wai ya ƙi caji, sai in ga a ramin USB na sama aka jona, wanda na haɗawa da kwamfuta ne, alhali na cajin yana ƙasa. An kawo mini FlySky FS-i6 ana neman ramin cajinsa, alhali batir AA guda huɗu yake ɗauka kuma ba ya yi musu caji da kansa. Duk waɗannan mutane sun tafi ban sayar musu da batir ba, wasunsu ko kwabo ban karɓa ba, kuma suna cikin waɗanda suka ji maganarka suka yi shiru saboda girmanka.

Batun tsada ba zan tsaya a kansa ba, domin na faɗi kuɗin kafin in taɓa kayan kuma ka amince. Takardar shaida kuwa ba ni da ita, ban kuma taɓa cewa ina da ita ba. A hannun maigidana na koyi aiki, kamar yadda yawancin masu gyara daga Computer Village har Alaba suka koya.

Ba na son in yi maka mummunan zato, amma ba zan ɓoye abin da ke raina ba. Kowa ya san ɗan ɗakinka ya fara shigo da batura da caja yana tallarsu a filin nan, kuma tambayarka ta zo ne daidai lokacin da kayansa suka iso. Neman halak ba laifi ba ne, ina yi masa fatan kasuwa, kuma da ya zo wurina da na taimaka masa ya tantance kayan. Sai dai bai kamata a buɗe wa wani kasuwa da mutuncin wani ba. Idan na yi kuskure a wannan zato, Allah ya yafe mini, kai ma ka yafe mini, amma kai ne ka zaɓi fili a kan shago, alhali ka fi kowa sanin hanyar shagon.

Abin takaicin da ya fi wannan girma shi ne yadda muke ɗaukar wannan harka gaba ɗaya. Mutum zai kashe kuɗi masu yawa a kan jirgi, amma ya ƙi sayen mita, ya ƙi karanta rubutun da ke jikin cajarsa, idan abu ya lalace kuma mai gyara ne ɓarawo, musamman idan mai gyaran namu ne. Ana sayen batirin litiyam samfurin 18650 da aka rubuta wa 9900 mAh saboda araha, alhali na gaske daga manyan kamfanoni bai cika wuce wajen 3500 ba, duk abin da ya ninka haka ƙarya ce aka buga a takarda. Mafi muni, na ga masu sa batirin litiyam nau'in LiPo a tsohon rimot su jona shi da cajar NiMH. Ƙwayar LiPo bolt 4.2 ce iyakarta, ta ɗan'uwansa LiFe kuma 3.6, cajar bango ta tsohon yayi kuwa ba ta san iyaka ba, zubawa kawai take yi. Batirin da ya kumbura a ɗaki ɗaya a gidan haya na Agege, inda ɗakuna suke manne da juna kuma yara suna kwance, ba asarar fiffike zai jawo ba. A kan wannan nake so dattawa irinka su ɗaga murya a fili.

Ga abin da nake nema. Ka kawo rimot ɗin da cajarsa, kada kowa ya buɗe shi, a damƙa su a hannun dattijon da ƙungiya ta yarda da shi, ya sa hannu a jikin batirin domin kada a ce an musanya. A gabansa za mu auna abin da cajar take bayarwa, mu duba fis da ramin caji, sannan a ciro batirin a ba shi 200 mA na awa 14 zuwa 16, a sauke shi da caja mai kwamfuta har ya kai bolt 8, wato bolt ɗaya a kowace ƙwaya, a karanta lambar da ta fito. Idan bai ba da 1600 mAh ba, zan mayar maka da kuɗinka duka, in kuma ɗauki nauyin gyaran fiffiken. Idan ya bayar, ina roƙon ka janye maganar sauya riga a filin da ka faɗe ta, a gaban mutanen da suka ji ta. Kafin lokacin, don Allah a hana yaron jona kowace caja a rimot ɗin.

Wassalam.

Naka, mai gyaran na'urori a Agege, Legas.