Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Bishop Matthew Hassan Kukah: A Riƙa Karanta Mana Lissafin Baiko

Baba Bishop, ranka ya daɗe. Gaisuwa cikin sunan Ubangiji.

Maganar kuɗin coci ce ta kawo ni. A cocin da nake zuwa, kowace Lahadi akwai baiko na farko da na biyu, ga zakka, ga kuɗin gini, ga bikin godiya na kaka. Muna bayarwa da zuciya ɗaya. Amma shekara ta zagayo ba wanda ya tashi bayan Mas, wato sujadarmu ta Katolika, ya ce ga abin da ya shigo, ga inda ya tafi. Mai tambaya kuwa sai a ce bangaskiyarsa ce ta yi rauni. Wannan maganar tana ƙona mini rai, domin masu cika kwandon nan matan zumunta ne masu sayar da ƙosai, da leburori, da iyalan da 'yan bindiga suka koro daga gonakinsu.

Baba, ka fi ni sanin dokar Ikilisiya ta 1983. Sashe na 537 ya wajabta wa kowace Ikilisiya ta gari ko unguwa kwamitin kuɗi. Sashe na 1287 ya ce masu riƙe da dukiyar coci su ba masu bi lissafin abin da suka bayar, bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa a yankin. Ikon shimfiɗa ta a Sakkwato yana hannunka. Kwamitin da Fada, wato limamin coci, ya cika da waɗanda ba sa iya ce masa a'a, suna ne kawai.

Tun 2011 kake kan wannan kujera ta Bishop na Sakkwato, kuma duk Najeriya ta san saƙonninka na Kirsimeti, inda kake tambayar masu mulki yadda suka yi da amanar talaka. Muna alfahari da kai. Don Allah tambayar nan ta shigo har cikin gida. A Fadar Vatican ma kotu ta yanke wa Kadinal Becciu hukunci a 2023 kan harkar kuɗi.

Ba na ce limamanmu ɓarayi ba ne. Da yawansu suna aiki a ƙauyukan da ake sace mutane, kuma lissafi a fili shi zai kare su daga zargi.

Roƙona shi ne ka ba da umarni a rubuce: kowace Ikilisiya ta karanta lissafinta sau ɗaya a shekara, da Hausa da Turanci, a manna a ƙofar coci, wani akanta daga waje ya duba. Maganar albashin katikis, masu koyar da addini a coci, kuma sai wata wasiƙar.

Ɗanka cikin Almasihu,
Wani ɗan Katolika daga Sakkwato