Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Gidajen Tarihi Ta Ƙasa

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni mutumin Jos ne, jikan magini. Kwanan baya na kai yarana gidan adana gine-ginen gargajiya, wanda ke maƙwabtaka da gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952. Muna tsaye cikin Masallacin Juma'a na Zariya da aka kwaikwaya, sai autana ya ɗaga kai yana kallon bakan gizon ginin, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufi, ya ce, "Baba, wannan na gaske ne ko na wasa?" Sai da na yi jim.

Na asali yana Zariya. Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi zamanin Sarki Abdulkarimu, a ƙarni na 19. Na nan kuwa, wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, shi ya auno wancan, aka tayar da irinsa a Jos, har da ganuwar Kano. Amma bakina ba zai kira shi na wasa ba. Tubalinsa da hannu aka dunƙula, azararsa ta giginya ce, magina kuma suka ɗora. Tunda sabon gini ya riga ya kewaye abin da ya rage na Zariya, wannan ɗin ya zama shaida.

Abin da ke hana ni barci shi ne damina. Ruwan Jos ba irin na Kano ba ne, ginin ƙasa kuma kamar jinjiri yake, yana son yaɓe duk shekara. Ranar da za a ba da aikin gyara, don Allah kada a bari ɗan kwangila ya shafe shi da siminti don ya yi kyau a hoton masu yawon buɗe ido. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha nuna mini: siminti yakan kulle danshi a ciki, ƙasa ta jiƙe a ɓoye, wata rana ɓawon ya ɓallo da rabin bango.

A nemo magina daga Zariya da Kano, a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake yaɓe da ruwansa, a kwaɓa ƙasa a idon baƙi da ɗalibai. Baƙon da ya ga ana dunƙula tubali ya fi mai ɗaukar hoto kawai ƙaruwa. A kuma faɗa wa kowa, da Hausa da Turanci, cewa kwafi ne, ga wanda ya gina na asali, ga waɗanda suka gina wannan.

Da rani ake wannan aiki, ranka ya daɗe, kafin hadarin Afrilu ya haɗo.

Naku,
Wani jikan magini, Unguwar Rogo, Jos