Wasiƙar Godiya ga Kamfanin Bandcamp

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Bandcamp,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na ga ya dace in rubuto muku a bainar jama'a domin in gode muku bisa hanyar da shafinku na intanet na sayar da waƙoƙi ya buɗe wa ƙananan ƙungiyoyin makaɗa tun 2008, wadda ta sa ake jin su ba tare da sun jira wani babban kamfanin faifai ya ɗauke su ba.

A yawancin manhajojin sauraron waƙa, wanda ya riga ya yi suna shi ake ta turo wa mutum. A shafinku kuwa, kowane mawaƙi yana liƙa wa aikinsa sunan salon kiɗansa da sunan garin da yake zaune, saboda haka idan na zaɓi rock ko pop ko ska, na haɗa da sunan wani gari, sai in tarar da matasan da suka naɗi waƙoƙinsu da kansu, suka zana hoton bangon kundin, suka kuma rubuta a ƙasa wanda ya kaɗa jita da wanda ya buga ganga da wanda ya busa ƙaho. Wannan rubutun na ƙasa ba ƙaramin abu ba ne a wurina, domin ta nan nake bin sawun makaɗi ɗaya har in kai ga wata ƙungiyar da yake yi wa kiɗa.

Ska ne ya fi kama ni. An fara shi a Jamaika a ƙarshen shekarun 1950, inda kiɗan mento da kalifso na yankin Karibiyan suka gauraya da kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, kuma daga tsatsonsa reggae ya fito daga baya. Da ya sake tashi a birnin Coventry na Ingila a 1979, ƙaramin kamfani mai zaman kansa ne ya ɗauke shi, wato 2 Tone da makaɗi Jerry Dammers ya kafa, don haka ba abin mamaki ba ne a ce har yau a hannun ƙananan ƙungiyoyi ya fi armashi. Jitar ska tana faɗowa ne a tsakanin bugu da bugu, ƙahoni kuma suna amsa wa mai waƙa. A irin naɗin da nake samu a wurinku, ina jin mai ganga yana ƙwanƙwasa sandunansa kafin a fara, ina jin mai ƙaho yana jan numfashi, abubuwan da ake gogewa a manyan ɗakunan naɗar waƙa.

Sai batun haƙƙi, wanda shi ne ya fi sa ni rubuta wannan wasiƙa. Kuna ɗaukar kashi 15 cikin 100 a kan waƙar da aka sauke da kashi 10 a kan faifai da kaset da riguna, sauran kuma, bayan an cire ladan hada-hadar kuɗi, ya tafi ga masu aikin. Kun ba mawaƙi damar barin mai saye ya yanke abin da zai biya, kun kuma ba mai saye damar sauke waƙar ta zama tasa. Lokacin da annobar korona ta rufe wuraren wasa, kun yafe kasonku gaba ɗaya a ranar 20 ga Maris, 2020, daga nan kuma ranar Bandcamp Friday, wato Juma'ar da kuke yafe kasonku a cikinta, ta samo asali. Ƙungiyar da ba ta da abin dogaro sai wasan dandali ta san amfanin wannan rana fiye da kowa.

Na san kamfanin ya koma hannun kamfanin wasannin bidiyo na Epic Games a 2022, sannan kamfanin ba da lasisin waƙoƙi na Songtradr a 2023. Roƙona ga masu riƙe da shi yanzu shi ne su bar binciken waƙa ta sunan gari yadda yake, su kuma ci gaba da tallafa wa marubutan Bandcamp Daily, wato mujallarku ta intanet, waɗanda ke tono mana ƙungiyoyin da ba mu taɓa jin labarinsu ba.

Na gode ƙwarai, ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai sauraro