Wasiƙa zuwa ga masu hayar dawakinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da 'yan'uwanmu abokan hulɗa, bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne domin mu sanar da ku sauye-sauyen da muka yi a kan hayar dawaki a bargarmu da ke nan Kano, kuma mu faɗa muku dalili da bakinmu tun kafin ku ji shi a bakin wasu.

Da yawanku kun san kilin nan da angwaye suke rububin hawa. A watan da ya wuce ya mutu a turkensa da asuba, bayan ya yi hawan angwanci biyu a yini ɗaya. Ya fita da hantsi, ya dawo bayan azahar sharkaf da gumi, aka sauya masa kaya ya sake fita da la'asar, kuma ba a maido shi ba sai bayan isha'i. Yaron da ya karɓe shi, a ganinsa kyautatawa ce, ya cika masa ƙwarya da gero tun jikinsa bai huce ba. Cikin dare ya soma tonon ƙasa da birgima yana waiwayen cikinsa, kuma ko da likitan dabbobi ya iso, ciwon cikin ya riga ya ci ƙarfinsa. Ba za mu ɗora laifin a kan mahayan ko yaron ba, domin mu ne muka karɓi kuɗin haya sau biyu a kan doki guda, alhali mun san irin ranar da ake yi.

Abin da likitan ya tunatar da mu, kowane tsohon ɗan barga ya san shi. Doki duk girman jikinsa tumbinsa ƙarami ne, kuma ba ya iya amai, saboda haka abin da ya shiga cikinsa ya cushe ba shi da hanyar komawa. Halittarsa ita ce ya yini yana cin ciyawa kaɗan-kaɗan, don haka dokin da aka bari da yunwa tun safe sannan aka jibga masa hatsi da dare, an jefa shi cikin hatsari. Ruwan shansa a rana yakan kai lita 25 zuwa 50, ya kuma zarce haka idan yana aiki a bazara, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40. A 'yan shekarun nan kuwa Sallah ƙarama da babba duk a watannin zafi suke faɗowa, ga bukukuwan aure da ke biyo bayansu.

Akwai wani abin da ya fi ba mu kunya. Bayan wannan rashi mun sauke sirdin kowane doki mun duba, sai muka tarar da uku suna da miki a gadon baya, ɗaya kuma majayi ya ci masa fata. Jalala mai ado tana rufe komai, mai kallo a bakin titi ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinta, mahayi ma sau da yawa bai sani ba. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, kuma mun yi murna kamar kowa, sai dai dokin haya da ke bin bayan tawaga ranar Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa ba ya samun kulawar da dokin fada yake samu. Shi ne ake fisga da linzami har bakinsa ya yi jini, shi ake huda wa haƙarƙari da ƙaimi, shi kuma samari ke sukuwa da zamiya da shi a kan kwalta, wadda ke cinye kofato ta kuma illata gaɓoɓi. Mun ma taɓa karɓar doki idanunsa a juye, daga baya muka gane ƙwaya aka ɗura masa wai don ya yi tsalle a gaban amarya.

Saboda haka, daga yanzu dokinmu ba zai yi haya fiye da sau ɗaya a rana ba, kuma hayar ba za ta wuce awa huɗu ba. A lokacin bazara ba za mu fitar da doki tsakanin ƙarfe sha biyu da ƙarfe huɗu na yamma ba, sai dai a ranakun hawa, nan ma da jarkar ruwa a tare da shi. Kowane doki zai fita da ɗan bargarmu, wanda muka ba shi ikon sauke mahayi idan ya ga sukuwa a kan kwalta, ko goyon mutum biyu, ko alamar ɗingishi, kuma muna roƙon kada a ɗauki wannan a matsayin raini daga yaro, umarninmu yake bi. Mun daina bayar da ƙaimi, wanda ya zo da nasa ma zai ajiye shi a ofis. Dokin da bai kai shekara huɗu ba, ko mai miki a baya, ba zai ɗauki sirdi ba ko nawa aka taya. Duk wanda muka samu ya ba dokinmu wani magani, hulɗarmu da shi ta ƙare.

Wannan zai sa kuɗin haya ya ƙaru, domin harawa da dusa da gero da kanwa da yankan kofato da ladan likita ba su ragu ba, ga shi kuma fitar dawakin ta ragu. Mun san wasu za su koma inda ya fi araha, kuma ba mu riƙe kowa a zuciya ba. Roƙonmu ɗaya ne ga wanda zai yi hakan: kafin ka biya, ka sa a sauke sirdi a gabanka, ka shafa gadon bayan dokin, ka duba gefen bakinsa da kofatansa, ka kuma tambaya ko ya riga ya fita a ranar. Mu ma idan kun zo ku yi mana haka.

Waɗanda suka riga suka ba da kafin alƙalami za su hau a kan tsohon farashi, amma bisa sababbin sharuɗɗa, wanda kuma bai amince ba ya zo ofis ya karɓi kuɗinsa cif.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Mai barga, a madadin dukkan ma'aikata