Intanet ya shiga sahun kayan masarufi, ya kamata hukuma ta ɗauke shi haka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da nake ganin gefe guda kawai muke duba shi. Duk lokacin da aka tayar da zancen intanet a majalisar hira ko a kan mumbari ko a gidan rediyo, abin da ake fara kawowa shi ne lalacewar tarbiyya da raye-rayen TikTok da yaɗa labaran ƙarya. Ban musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sai dai yawan nanata su ya sa mun kau da kai daga wata gaskiya mafi girma, wato cewa cin talaka da shansa da karatun 'ya'yansa a Najeriya yanzu sun rataya a kan sabis ɗin waya, alhali hukumomi har gobe suna kallon abin kamar kayan alatu.

Masu shekaru ba su manta yadda muke kafin watan Agustan 2001 ba, lokacin da kamfanonin wayar salula na Econet da MTN suka fara aiki. Layukan NITEL, kamfanin tarho na gwamnati, a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, kuma wanda yake da ɗan'uwa a Legas ko Fatakwal sai dai ya ba direba wasiƙa, ko ya naɗi muryarsa a kaset idan bai iya rubutu ba, sannan ya zauna jiran amsa. Ko da wayar salula ta zo, layi kaɗai ya haura naira dubu 20, intanet kuwa sai an je shagon kafe an biya kuɗin awa. Cikin shekara ashirin da 'yan kai abin ya sauko daga hannun attajirai zuwa aljihun ɗan dako.

Inda sauyin ya fi bayyana shi ne harkar kuɗi. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuma zuwa farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har mutane suka koma sayen naira da naira a wurin masu POS. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris na shekarar cewa tsoffin takardun su ci gaba da aiki, amma kafin nan bakin alƙalami ya riga ya bushe. Mai shayi da mai nama da ɗan sahu, waɗanda da yawansu ba su taɓa taka ƙofar banki ba, sun buɗe asusu a OPay ko Moniepoint ko PalmPay, kuma ba su koma gidan jiya ba bayan kuɗin sun dawo. Yau idan ka tsaya a teburin mai shayi za ka ga lambar asusu an rubuta ta da gawayi ko biro a jikin kwali, an jingine ta da gwangwanin madara. Mai saye ya gama karyawa, ya danna waya, ya juyo da fuskarta ya ce ya tura. Mai shayi ya ce alat bai shigo ba. Sai su tsaya cirko-cirko, wannan yana rantsuwa an cire masa kuɗi, wancan yana duba wayarsa da hannu ɗaya yana juya ƙwai da ɗayan, kuma babu mai laifi a cikinsu sai sabis.

Matan aure ma sun sami kasuwar da ba ta buƙatar su fita. Mace tana ɗakinta za ta sa hoton atamfa ko turaren wuta ko humra a WhatsApp, a yi ciniki, a turo kuɗi, ta aika yaro tasha a sa kayan a motar Jos ko Maiduguri. A ganina wannan ya fi ɗora wa ƙaramar yarinya farantin talla nesa ba kusa ba, ko da yake ban cika jin masu sukar waya suna ambaton hakan ba. Haka nan saƙon murya ya ɗauke wa wanda bai yi boko ba buƙatar neman mai karanta masa wasiƙa, shi ya sa dillalin hatsi a Dawanau yake jin farashin masara a Giwa ko Dandume tun kafin ya ɗaura wa mota kaya.

Ba son rai ne kaɗai ya kai mu nan ba, gwamnati da kanta ta tura mu. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Bankuna sun wajabta lambar BVN, sannan a ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN ko a rufe shi. Neman aiki da neman gurbin karatu da duba sakamakon jarrabawa duk sun koma intanet. To wanda ya tilasta wa jama'a bin wata hanya, ai wajibi ne ya tabbata hanyar tana biyuwa.

Mun kuwa ga abin da ke faruwa idan ta toshe. A watan Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba da umarnin katse layukan sadarwa a jihar Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin yaƙi da 'yan bindiga, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutanen Gusau suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don kawai su buga waya ko su tura kuɗi, har sai da aka rufe na Funtuwar ma. Ba ni da hurumin yanke hukunci a kan dabarun tsaro, amma kowa shaida ne cewa 'yan bindigar suna nan bayan an maido da layukan, masu ƙananan sana'o'in da jarinsu ya karye kuwa babu wanda ya biya su ko sisi. A watan Maris na 2024 kuma wasu manyan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sai ga harkar banki ta tsaya cak ga mutumin Zariya da bai taɓa ganin teku ba.

Duk da haka, a watan Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Na fahimci hujjarsu ta tsadar man dizal da faɗuwar darajar naira. Abin da ban fahimta ba shi ne yadda za a ƙara farashi alhali akwai ƙauyukan da har yanzu sai mutum ya hau tudu ko bishiya kafin ya sami sabis. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman domin kai sadarwa irin waɗannan wurare da kamfanoni ba sa ganin riba a cikinsu, kuma ya dace wakilanmu a majalisa su tambayi nawa ne ya iso Arewa. Gwamnonin jihohi su ma suna da nasu rabon, domin su ne ke karɓar kuɗin izinin binne wayoyin intanet a gefen hanya. An daidaita a kan naira 145 kowace mita, jihar Kaduna ma ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020, kuma babu abin da zai hana sauran jihohin yin koyi da ita.

Akwai kuma batun harshe. Yawancin manhajojin banki da saƙonnin gargaɗinsu da Turanci suke zuwa, amma ɗan damfarar da zai kira tsoho ya ce daga banki yake, ya nemi lambar sirri, da Hausa tsantsa yake magana. Ina kira ga Babban Bankin Najeriya da ya wajabta wa bankuna da kamfanonin tura kuɗi sanya Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa a manhajojinsu, da rubutu da murya, ya kuma sa ido sosai a kan maido da kuɗin da aka cire ba su isa ba, domin mai jarin naira dubu goma ba zai iya jiran mako guda ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Mai karatunku,
daga Zariya, jihar Kaduna