Kwamfutar haɗa kiɗa ba sai an sayar da gona ba

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya zafi? Mu dai nan Garwa sai addu'a.

Dan Allah a bani ɗan fili inyi magana da ƙannenmu masu son buɗe situdiyo, don abin na damuna. Yaro zai shekara yana tara kuɗi, ya je ya kwaso ƙatuwar kwamfuta mai fitilu ja da kore kamar motar amarya, rabin kuɗin ya tafi a katin hoto na masu buga gem, alhali kiɗa babu ruwansa da wannan katin, wlh FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) yake ci da RAM (ma'adanar wucin gadi da take aiki da ita).

Ni tawa da hannuna na haɗa ta. Allon uwar, wato allon da ake jona duk kayan cikin kwamfuta a kai, ƙaramin nan ne Mini-ITX, santimita 17 kowane gefe, na ɗora masa furosesa Ryzen 5 5600G wanda dama da katin hotonsa a ciki ya zo, RAM giga 16, takwas takwas guda biyu, sai SSD, faifan ajiya mai sauri, giga 500. Shikenan fa. A jaka nake saka ta in hau moto in je ɗaukar waƙar biki. Gaskiya ƙaramin allon nan ya ɗan fi tsada, wanda bai da ƙarfi ya nemi Dell OptiPlex ko Lenovo ThinkCentre na okaziyon, wato na hannu, mai furosesa i5, irin wanda ofisoshi suka gama da su, ya ƙara RAM ya cire tsohon faifan ya sa SSD, zai sha mamaki.

Canjin da ya rage a zuba shi a katin sauti na waje, ko Behringer UMC22 ne, don shi ke ba makirfon kondansa wutar bolt 48 ɗin da yake buƙata. Lokacin ɗaukar murya a sauke bafa, wato saitin da ke sa sauti ya jinkirta in ya yi yawa, zuwa 128, in ba haka ba mawaƙi sai ya rinƙa jin muryarsa na zuwa a makare ya rikice, kai kuma kana ta zargin makogwaronsa. In an zo miksin a mayar 512.

Turawan YouTube ba za su gaya maka zafin Afrilu ba, sama da digiri 40, akwatin ga shi ƙarami, fanka ta kama kuka har makirfon na ɗauka. Na canza babbar fanka mai juyawa a hankali, da hunturu kuma duk sati biyu sai na buɗe na hure ƙura. Sai ondulè, wato UPS mai riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, wanda da nake raina shi har ranar da aka ɗauke wuta ina tsakiyar waƙar wata amarya ban adana ba, aikin wuni guda ya tafi, ga 'yan uwan ango zaune a ƙofa suna jira, ranar nasha kunya. Washegari da bashi na sayo shi.

Naku,
wani mai haɗa kiɗa daga Garwa