Zuwa ga mutumina na Yamai, kan maganar masauki a Paris

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Madam da yara. Yaya zafin Yamai? Mu nan Kano mun narke, wutar kuma ka san halinta. Na san abin da za ka fara faɗa, cewa ba na nemanka sai da dalili. Faɗi abinka. Kai ma tun saƙon muryar nan da ka turo bayan ƙaramar salla ban sake jin ɗuriyarka ba, har 'yan majalisa sun fara cewa ko minista aka naɗa ka a can ka ɓoye mana.

Biza ta fito! Mu uku duka, ni da Hajiya da uwargida. Ranar da na karɓo fasfo daga Abuja, Hajiya ta juya nata gaba da baya ta ce wai wannan 'yar takardar da aka liƙa ce ta ci Yuro 90? Na ce mata ai ba ki ji kuɗin inshora da na ejan ba. Auta kuwa da na kira ta, kuka ta saka mini a waya, ka san ta. Ta gama karatun nata a Lille, kuma ta rantse ba za ta dawo ba sai Hajiya ta je ta ga ƙasar da ta riƙe mata 'ya. Watan Yuni za mu tashi in Allah ya kai mu. Af, layin waya zan saya a can ko in tafi da nawa? Ka tuna mini mu yi wannan maganar.

Abin da ya hana ni barci shi ne masauki. Otal ɗin da ejan ya kama mana don neman biza, sunansa da Paris a ciki, hotonsa na farko ma hasumiyar Eiffel ce tana walƙiya, kuɗinsa kuma da sauƙi. Da na tura wa auta sai ta ce Yaya duba lambar gidan waya da ke ƙarshen adireshin. Duk abin da ke cikin birni da 75 yake farawa, lambobi biyu na ƙarshe kuma su ne shiyyar da yake. Namu da 93 ya fara, wato yana can bayan babban titin da ya kewaye garin. Araha ba ta ado. Allah ya taimaka irin wanda ake sokewa kyauta ne, amma wa'adin ƙarshen watan nan ne, shi ya sa ka ga takardata.

Tun ranar nake kwana da taswira. Na gano garin naku shiyya 20 ne, sun nannaɗe kamar katantanwa, ta 1 a tsakiya, sauran suna zagayawa har gefe. Gidan tarihi na Louvre a ta 1, cocin Notre-Dame a ta 4, Eiffel a ta 7, titin Champs-Élysées a ta 8, cocin Sacré-Cœur can bisa tudu a ta 18. Kowane otal ka buɗe sai ya ce maka yana kusa da wuraren kallo. Kusa da wanne? Daga Louvre zuwa Eiffel kaɗai ya haura kilomita 3. In ka matsa kusa da ɗaya ka nisanci huɗu. Ni da na ɗauka duk a fili ɗaya aka jera su, ka sauka ka kalla ka koma ɗaki.

Yanzu masu ba ni shawara uku ne, kowa da inda ya sa gaba.

Uwargida ta ce ita dai ɗakin da za ta buɗe taga ta ga Eiffel. Ba sai na gaya maka dalili ba, ƙawayenta na Islamiyya sai sun gani a waya. Na duba mata. Kuɗin tagar nan kaɗai ya isa ya biya wa Hajiya ɗakinta. Unguwar kuma ta ma'aikatun gwamnati ce da ofisoshin jakadanci, abinci da tsada, irin namu kuma sai ka yi tafiya. Walƙiyar da take so ta ɗauka, minti 5 ake yi a farkon kowace awa bayan duhu ya yi, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe 10 na dare. Matar da ƙarfe 9 ta fara gyangyaɗi! Da na faɗa mata haka ta ce rowa ce irin tamu ta Kanawa. Na ce ko Bazazzagin nan ne ya koya miki? Na san hannunka a ciki, don na ji kun gaisa ranar suna.

Auta ta ce mu sauka kusa da tashar jirgin ƙasa ta Gare du Nord. Hujjarta mai ƙarfi ce, ban musa ba: jirgin RER B daga filin jirgin sama nan yake tsayawa kai tsaye, ita kuma daga Lille awa ɗaya ce ta iso. Amma auta sauƙin kanta ta duba. Tashar da ta fi kowace cunkoso a Turai gaba ɗaya, nan zan kai tsohuwa ta kwana? Ranar zuwa da ranar komawa kaɗai tashar za ta amfane mu, sauran kwanakin hayaniyar za mu sha.

Sai kai, sarkin gardama. A saƙon naka ka ce kar in wahalar da kaina, in sauka unguwar Château Rouge cikin 'yan uwa, ga kasuwar Dejean, ga kuɓewa da manja da busasshen kifi, ga mahauta na halal ko'ina, ga masu atamfa, ba wanda zai kalle ka sau biyu. Na yarda da duk wannan, kuma na san da ɗan gari akan ci gari. To amma malam, lokacin da ka zauna can ɗalibi ne kai, ƙafarka lafiya, cikinka bai fito ba, jaka ɗaya ce dukiyarka. Wajen gindin tudun Montmartre ne, in za ka hau Sacré-Cœur matakala ce sama da 200 sai dai ka biya ka shiga ɗan jirgin da ke jan mutane sama. Kuma duk inda za mu je daga can sai an gangara ƙarƙashin ƙasa an shiga layi na 4. Sannan, tsakani da Allah, in biya kuɗin jirgi har Turai don in kai Hajiya ta ga kuɓewa? Za mu je dai, yini guda, a yi wa auta cefane, uwargida ta taya atamfa ta ji farashi ta gode wa Kantin Kwari.

Ba wanda ya yi maganar gwiwar Hajiya a cikinku, kuma nan duk lissafin yake. Ka tuna yadda muka yi da ita a Umara, da keken da ta ƙi hawa wai ita ba gurguwa ba ce. Yanzu abin ya ƙaru, benen gidanmu ma sai ta huta a tsakiya. Jirgin ƙarƙashin ƙasan nan da kuke yabo tun 1900 aka fara shi, mafi yawan tashoshinsa matakala ce zalla, layi na 14 ne kaɗai aka sa wa lifta a kowace tasha. Saboda haka otal ɗin da ya ce mini minti biyu ne zuwa tasha bai gaya mini komai ba. Abin da nake nema bas a ƙofar gida, hanya mara tudu, da wurin da za ta iya zuwa da ƙafarta ta dawo ba tare da ta jira ni ba. Ni da uwargida da auta ma iya yawon duniya, amma Hajiya rabin yini za ta yi a waje, sauran rabin a unguwar da na ajiye ta. To unguwar ce ya kamata ta zama abin kallon.

Shi ya sa zuciyata ta kwanta da shiyya ta 5, gefen Babban Masallacin Paris. Ka sha ba mu labarinsa, amma ba ka taɓa gaya mini cewa an gina shi ne don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu wa Faransa a yaƙin duniya na farko ba, har da mutanen Afirka ta Yamma. A 1926 aka buɗe shi, 2026 ce shekararsa ta ɗari. Hasumiyarsa mita 33, ga lambu a ciki, ga wurin shan shayin na'a-na'a da gidan abinci a jikinsa, kuskus da naman da ba sai ka tambaya ba. Tsallaken titi kuma Jardin des Plantes ne, shiga lambun kyauta, da kujeru a inuwa. Ka ga Hajiya ta samu azahar da la'asar a jam'i, ta samu wurin zama, ta samu abin da za ta ci. In ta ga tattabaru ma ta samu abokan hira.

Daga nan Notre-Dame tafiyar minti ashirin ce ga mai ƙafa, kuma an sake buɗe ta tun Disambar 2024 bayan gobarar 2019. Abin da ya fi burge ni shi ne jirgin ruwan nan, Batobus, da ke bin kogin Seine yana tsayawa tasha-tasha. Yana da tasha a Jardin des Plantes, da Notre-Dame, da Louvre, da gindin Eiffel. Tikiti ɗaya ka yini kana hawa kana sauka. Hajiya tana zaune gari yana wucewa ta gabanta. Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba? Ko da yake na san dalili, ɗalibi mai cin burodi da ruwan famfo ina ya ga kuɗin jirgin ruwa.

Ai na manta ban ba ka labarin angon namu ba. Ya tare, amma a gidan da muka ce kar ya kama. Ruwan farko da aka yi, falo ya cika, amarya ta kwashe kayanta ta tafi gida sai da kawunka ya je biko. Yanzu in ya zo majalisa ba ya zama kusa da ni. Mai shayi kuma ya ce in gaishe ka, ya ce bashin yana nan a littafi, ya koma sabon shafi da shi.

Ita Hajiya damuwarta daban. Ta sa an yi mata kilishi leda guda za ta kai wa auta, da dambun nama. Na ce mata dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara daga waje, a filin jirgi za a karɓe a zubar. Ta ce wanda zai karɓe kilishinta bai zo duniya ba. Don Allah ka kira ta ka yi mata bayani, maganarka take ji, tunda kai ne ɗan boko mai Faransanci. Buta kam na sayi ƙanana guda uku, wannan ba sai an gaya mini ba.

To in dawo kan otal. Na ware 'yan kaɗan tsakanin tashar Place Monge da Censier-Daubenton, na sa auta ta rubuta musu da yarensu. Tambayoyina: akwai lifta, kuma tana kaiwa har hawan da ɗakin yake, don tsofaffin gine-gine ne, wasu sai ka taka matakala kafin ka isa bakinta. Banɗakin shaya ce ta tsaye ko bahon nan mai zurfi da sai ka ɗaga ƙafa ka shiga. Akwai iyakwandishan, don da yawansu babu, kuma na tuna yadda zafin 2003 ya kashe dubban tsofaffi a ƙasar. Za a ba mu ɗaki biyu a hawa ɗaya, auta ta kwana da Hajiya. Girman ɗakin ma sai da na tambaya, da na ga wani murabba'in mita 11, in ka shimfiɗa darduma sai ka ɗora akwati kan gado. Sannan farashin da suke nunawa ba shi ke nan ba, karin kumallo daban, ga harajin baƙi da gari ke karɓa a kan kowane mutum kowane dare. Tasi daga filin jirgi ma ƙayyadadden kuɗi ne, sama da Yuro 50 in gefen arewacin kogi ne, sama da 60 in ka tsallaka, kuma unguwar da na zaɓa a gefe mai tsadar take. In na juya shi zuwa naira sai in rufe wayar in sha ruwa.

Ina so in shiga Louvre ko da na rabin yini ne, ban da Talata da suke rufewa. Ina kuma so in je gidan tarihi na Quai Branly da ke kusa da Eiffel in ga kayan Afirka. Ka san gumakan Nok ɗin nan da aka yi rigima a kansu, waɗanda Faransa ta amince a 2002 cewa na Najeriya ne aka bar mata aro na shekara 25? In na gan su zan gaishe su, in ce musu wa'adi ya kusa. A ranar ce zan kai uwargida gindin hasumiyarta, mu zauna har dare ta ɗauki abinta. Har yanzu ba ta sauko ba, jiya ma tuwon da ta ba ni ba man shanu.

Abin da nake so daga gare ka guda ɗaya ne, kai da ka taka wurin. Biyu daga cikin otal ɗin suna dab da titin Mouffetard, kuma na ga unguwar ɗalibai ce, da mashaya jere har dandalin Contrescarpe. Hayaniyar dare tana kaiwa ina? In ɗakin da ke kallon tsakar gida na nema ya wadatar, ko in matsa can gefen lambu in ƙara kuɗi? Ka amsa mini kafin ƙarshen wata, kuma da rubutu, ban da saƙon murya na minti goma sha wanda rabinsa dariya ce.

Ka faɗi abin da kake so a kawo maka, amma ban da takalmi, na san lambar ƙafarka ba a samunta a Turai. A gaida Madam, a shafa mini kan yara, ka ce wa babban ya daina kirana da dare yana tambayar sakamakon ƙwallo.

Naka har kullum,
Bakanon da ya fi ƙarfinka